Wanda Ya Riƙo Jirgin

Abin da ya fara damuna a Madina shi ne babu inda ido zai sauka a kan ruwa. Ni 'yar bakin tafki ce. A garinmu, can ƙuryar arewa maso gabas, idan ka buɗe ƙofa da safe ruwa ne ke fara gaishe ka, shi da ƙaurin bandar kifi. A nan kuwa duk inda na juya duwatsu ne baƙaƙe, sai gine-gine masu launin ƙasa, sai rana tana dukan kwalta har ka ga kamar ruwa ne ke rawa a kai. Sau da yawa wannan kawalwalniyar ta yaudare ni ta tagar mota, kuma ban taɓa jin haushinta ba.

Sunana Ramlatu. Na karanci adabi a kwaleji, na ɗan koyar da yara, sannan na auri Haruna, ɗan masunta, wanda ya iya ruwa kamar yadda sauran mutane suka iya tafiya a ƙasa. Da mutanen daji suka ƙone garinmu, muka yi ta zaman sansani har layin abinci ya ishe mu. Shi ya bi hanyar hamada da niyyar tsallaka teku zuwa Turai. Ni kuma dangi suka haɗa mini bizar umara, na zo wurin wata 'yar uwar mahaifiyata. Alkawarinmu ɗaya ne: duk wanda ya fara samun inda ba a korarsa, zai kira ɗayan.

Zangona na farko gidanta ne, a unguwar Aziziyya, a saman wani shagon wanki da guga.

"Sannu da gida, Inna," na ce da ita ranar da na iso.

"Khala," ta gyara mini. "Nan ba a cewa Inna. Khala Rabi."

Kakanta ne ya zo aikin hajji a ƙafa tun zamanin da, bai koma ba. Ita a nan aka haife ta, 'yar ƙasa ce, Hausarta kuma rabi da rabi ce da Larabci. A waya ta ce mini jikokinta zan riƙa koya wa Turanci. Washegarin zuwana ta miƙo mini bokiti da tsumma, ta karɓi fasfona ta kulle a durowa, wai don kada ya ɓata. Da kwanakin bizata suka ƙare na yi mata maganar iƙama, takardar izinin zama.

"Bukra, in sha Allah," ta ce.

Goben nan ba ta taɓa zuwa ba. Na zama irin waɗanda ake kira takari, masu leƙa titi kafin su fita zubar da shara. Masallacin Annabi da na yi ta mafarkinsa tun ina ƙarama, sai daga saman bene nake hango hasumiyoyinsa lokacin shanya. Nakan tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina kallonsu, ina ƙirƙira wa kaina cewa fitilun jiragen masunta ne.

Saƙon Haruna na ƙarshe ya ce sun kai bakin teku, suna jiran jirgi. Daga nan shiru. Makonni suka wuce. Na daina iya cin kifi.

Wata rana bayan abincin rana ina kwashe kwanuka, sai ɗan Khala ya shigo. Faisal sunansa, yana aiki a wani kamfani, yana jin Hausa sarai amma sai ransa ya ɓaci yake yin ta. Ran nan da Hausa ya kira ni.

"Ke, zo nan. Wannan mijinki ne?"

Ya tura mini waya a fuska. Hoton wani ƙaton allo ne a gefen titi, a wata ƙasar Turai. A jikin allon ga mutum a tsaye a bakin gaɓa, an lulluɓe shi da wata leda mai ƙyalli, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ga mutane zazzaune a bayansa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Amma na san wannan kafaɗar da ta ɗan karkace saboda jan komar kamun kifi.

"Alhamdu lillahi," na ce. Kwanon da ke hannuna ya faɗi. "Yana da rai. Khala, yana da rai!"

"Dariya ma kike yi?" in ji Faisal. "Kin san me aka rubuta a ƙasa? Allon yaƙin neman zaɓe ne. Jam'iyyar da ba ta son baƙi ce ta kafa shi a duk gari. Sun ce ga irin waɗanda ke shigo musu da 'yan ta'adda ta ruwa. Yana kurkuku. Shi ya tuƙo jirgin, da bakinsa ya faɗa."

"Yaya Faisal, masunci ne. 'Yan ta'addan nan su suka kashe mahaifinsa."

"Wa ya sani? Ku duk daga wuri ɗaya kuka fito. Ana gane na kirki a fuska ne?" Ya juya wajen mahaifiyarsa ya zuba Larabci da sauri, na tsinci kalmar mushkila, wato matsala, da kalmar askar, wato 'yan sanda. Sannan ya dawo kaina. "Mu 'yan ƙasa ne. Kin san abin da muka sha kafin a daina kiranmu da sunan baƙi? Tun ina makaranta ake nuna ni da yatsa. Yanzu a ce matar wannan a gidanmu take, ba takarda?"

Ni ba mai faɗa ba ce. Ko a makaranta idan aka yi mini tsawa waƙa nake komawa in rubuta. Amma ran nan bakina ya riga ni.

"Kakan Khala da ya taho a ƙafa, wace takarda ya nuna?"

Khala ta tashi, ta buɗe durowa, ta jefo mini fasfona a kan kafet.

"Tattara kayanki, ya binti. Kada a samu ko ɗankwalinki a gidan nan."

Abin da na yi wata da watanni ina roƙo da ladabi, rashin kunya ta minti ɗaya ta ba ni shi.

Zango na biyu Awali ne, kudu maso gabashin gari, inda gonakin dabino suke a bayan dogayen katangu. Mai shagon wankin ƙasanmu ne ya ji abin da ya faru, ya sa wani direba ya kai ni wurin wata tsohuwa mai suna Hajja Kaltuma, mutuniyar Chadi, wadda ke kula da mata masu tsince dabino a wata gona. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Hannun 'yan boko," ta ce. "Kin iya zama a ƙasa?"

"Na iya, Hajja."

"To zauna. Mai ƙyalli nan, mai tsaga nan, wanda tsuntsu ya taɓa can. Kada ki ci fiye da yadda za ki iya musantawa."

A wata rumfar kwano muke aiki, fanka tana kaɗa mana iska mai zafi. Ajwa ce, baƙa, mai laushi, tana manne wa yatsu. Da yamma akan saki ruwa a bi gindin itatuwa da shi. Wannan ne ruwa mai gudu na farko da na gani tun barina gida. Nakan tsoma ƙafa a ciki in rufe ido.

Matan rumfar ba su tambaye ni komai ba har sai da hoton ya iso wayoyinsu. Daga ranar wata ta ja tabarmarta nesa da tawa. Wata ta ce a gabana, ba tare da ta kalle ni ba, irinmu ne ke jawo wa mutane sumame. Abin da ya fi ba ni mamaki, dukkanmu ba mai takarda. Amma kowa na neman wanda yake ƙasa da shi, don ya samu abin nunawa idan an zo.

Na fara bin labaran ƙasar da ke tsare da Haruna. Zaɓe ya matso. Masu ra'ayin riƙau suna gaba, sauran jam'iyyu kuma, don tsoron a bar su a baya, suka shiga gasar wa ya fi iya tsanani. Duk wanda ya hau mumbari kalma ɗaya yake maimaitawa: tsaro. Ban ji wanda ya ce yunwa ba, ko gobara, ko gawar da muka tsallake a hanya. Mun gudo daga wuta, da muka iso da ƙauri a jikinmu aka ce mu ne wutar. Masu ra'ayin riƙau suka ci zaɓen.

Ana cikin haka wata lauya ta kira ni, tare da tafinta, wani mutumin Nijar. Ta haɗa ni da Haruna na ɗan lokaci.

"Malama," ya ce. Haka yake kirana don tsokana. Muryarsa ta dushe.

"Me ya kai ka, Yallaɓai?"

"Yaron da masu safarar mutanen suka ɗora a inji bai taɓa ganin ruwa ba. Nuna masa kawai suka yi, suka tura mu. Da igiyar ruwa ta taso sai ya saki, ya kwanta yana kuka, jirgi ya ba ruwa gefe. Akwai mata da jarirai, Malama. In zauna in kalla?"

"A'a."

"Na karɓa. Na riƙe har jirgin ceto ya zo. Da muka sauka sai wani mai kaki ya sa tafinta ya tambaya, wa ya riƙo jirgin? Ke kin san me wannan tambayar take nufi."

Na sani. A garinmu, idan hadari ya kama jirgi a tsakiyar tafki, mutane kan taru a bakin gaɓa su jira. In Allah ya kawo shi lafiya, babu mai rungumar ɗan uwansa sai tsohuwar da ta fi kowa shekaru ta matso ta ce, wa ya riƙo jirgin? Sai matuƙin ya miƙe ya ɗaga hannu. Ta zuba masa ruwa a tafukansa don su huce, ta sa masa wani abu mai zaƙi a baki, mata su yi guɗa. Ba a ɓoyewa. Wanda ya ɓoye ma raina mutanen da ya kawo ya yi. An yi wa mahaifinsa, an yi masa shi ma tun yana saurayi, ina cikin 'yan matan da suka yi guɗar.

"Na miƙe," in ji shi. "Har murmushi na yi. Sauran duk suka sunkuyar da kai, ashe su an gaya musu. Na ɗauka ruwa za su kawo. Sai suka kawo ankwa."

Lauyar ta karɓi magana. A dokarsu, duk wanda ya taɓa inji mai safarar mutane ne, kuma sabuwar gwamnati tana son a yi misali da Haruna tunda fuskarsa ta riga ta shiga ko'ina. Shekaru masu yawa ake nema masa. Wata mata da ke cikin jirgin ta yarda ta yi shaida. Amma mai gabatar da ƙara ya kafe a kan abu ɗaya: mutumin da ba shi da hannu a sana'ar ba zai miƙe da alfahari haka ba. Ana bukatar wanda ya san shi, ya san inda ya fito, ya bayyana dalilin miƙewar. Kotu za ta saurare ni ta bidiyo, amma sai a ofishin jakadancinsu da ke Jidda, da fasfo a hannu.

"Kina da izinin zama a inda kike?" tafintan ya tambaya.

"Ba ni da shi."

Bai fassara wa lauyar ba. "To, 'yar uwa," ya ce da muryar kansa, "ki yi tunani."

Hajja Kaltuma ta ji komai, don ba ta taɓa yin kamar ba ta sauraro ba. Ta zauna kusa da ni tana cire ƙwallon dabino da babban yatsa.

"Akwai askar a ƙofar wurin nan," ta ce. "Kina nuna fasfo, halas, shi ke nan. Tarhil za su kai ki, gidan jiran kora, daga nan sai jirgi. Ina za ki koma? Garin da babu?"

"Ban sani ba, Hajja."

"Ina da ƙanwa a Khaibar. Gona ce a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, ko aljani sai da kwatance. Mata nawa na tura can, suna nan lafiya, wasu har sun yi jikoki. Namiji kuwa, 'yata, kurkukun Turawa ma da katifa."

"Idan ban je ba, wa zai gaya musu?"

"Su waɗannan so suke a gaya musu? Sun riga sun buga hotonsa."

Gaskiya ta faɗa. Na tafi bakin magudanar ruwa na zauna. Na yi ƙoƙarin hango kaina a Khaibar, na tsufa, ina tsince dabino, babu mai korata. Hoton ya zauna daram, har da inuwa da sanyi. Sai dai duk lokacin da na kalli gefensa, ga mutum a tsaye da hannu a sama, yana jiran ruwan da ba wanda zai kawo.

Ranar tafiyata Jidda Hajja ba ta yi mini sallama ba. Sai da motar ta fara motsi ta ƙwanƙwasa gilashi, ta tura mini ƙullin ajwa a cikin leda.

"Masu ƙyallin ne," ta ce. "Idan mai gona ya tambaya, tsuntsu ya ci. Wawiya kawai."

Hanyar Jidda doguwa ce. Direban ya san inda ake tsayar da motoci, ya yi ta kauce wa ta ƙananan hanyoyi, yana mita cewa da ya san matar wancan mutumin ce da bai ɗauko ni ba. Da muka shiga gari na hango teku ta tsakanin gine-gine, shuɗi, shimfiɗe, ba ruwansa da kowa. Ban ji daɗin ganinsa ba. Na tsane shi kamar yadda ake tsanar mutum.

A ƙofar ofishin wani askari matashi ya buɗe fasfona, ya duba biza, ya dube ni. Ya kira na ciki, suka tabbatar masa kotu ce ke jirana. Ya ɗan yi tunani, sannan ya miƙo mini fasfon.

"Shiga ki gama," ya ce da Larabci a hankali, yadda zan gane. "Ina nan."

Aka zaunar da ni a wani ɗaki mai sanyi gaban allo. Ga alƙaliya, ga lauyarmu, ga Haruna can gefe cikin wani keji na gilashi. Mai gabatar da ƙara bai kalle ni ba, takardunsa yake kallo.

"Mijinki ya iya tuƙa jirgi?"

Lauyar ta riga ta nuna mini cewa gwargwadon rashin iyawarsa, gwargwadon sauƙin shari'ar. Amma na rantse da Alƙur'ani kafin in zauna.

"Ya iya. Duk tafkinmu babu kamarsa."

"An biya shi?"

"Wa ke biyan mutum don kada ya nutse?"

Alƙaliyar ta ce in riƙa amsa abin da aka tambaye ni kawai.

"Garinku ba shi ne sansanin 'yan ta'adda ba?"

"Bayan sun kore mu, e."

"Ke kanki, da izini kike zaune a ƙasar da kike?"

"A'a."

A nan ne ya ɗago kai, ya yi wa kotu wani ɗan murmushi, kamar mai cewa kun ga irin gidan. Na ji kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Sai lauyarmu ta tashi ta ce in gaya wa kotu abin da ake yi a garinmu idan jirgi ya tsira daga hadari.

Na gaya musu. Na faɗi taron bakin gaɓa, da tsohuwa, da tambayar, da ruwan da ake zubawa a tafin hannu saboda igiya da inji suna ƙona shi. Na ce a wurinmu wannan tambayar godiya ce, ba mu san ana yin ta don kama mutum ba. Na ce hannun da kuka buga a allunanku kuna tsorata 'ya'yanku da shi, miƙo shi ya yi a wanke masa. Tafintan ya tsaya a tsakiya ya sha ruwa kafin ya ƙarasa. Haruna ya kifa goshinsa a jikin gilashi.

Da na fito, askarin yana nan inda ya ce.

Zangona na ƙarshe tarhil ne. Babban ɗaki, fitilar da ba a kashewa, mata daga ƙasashe iri-iri kowa na gadin bargonta. Aka ɗauki hoton yatsuna, aka ce ba zan sake shigowa ƙasar ba na tsawon shekaru. Ban taɓa yin salla a cikin masallacin da na yi ta hangowa daga wurin shanya ba, sai a kwanakin umarata na farko, lokacin ina ganin ai akwai gobe. Wata ma'aikaciya ta so ta zubar da ƙullin dabinona, ta buɗe, ta ga irinsa, ta ɗauki ɗaya ta ci, ta mayar mini da sauran.

A can, a wayar wata 'yar Sudan, na samu saƙon lauya. Kotu ta wanke Haruna daga laifin safara. Amma sabuwar doka ta ce duk wanda ya fito daga yankin da suka sa wa alamar haɗari, kuma sunansa ya taɓa shiga binciken tsaro, ba za a duba neman mafakarsa ba, ko da an wanke shi. Za su mayar da shi gida. Allunan kuwa, ta ce, har yanzu wasu suna nan a gefen titi, ba wanda ya damu ya sauke.

Haka ƙasashe biyu da ba sa son ganinmu suka cika mana alkawarin da muka kasa cikawa. Babu wanda ya samu inda ba a korarsa, amma an koro mu wuri ɗaya.

Na riga shi isowa. Ranar da aka ce motarsu za ta shigo Maiduguri na tafi tasha tun hantsi. Rana ta take, 'yan kamasho suna ta ihu, babu tafki, babu gaɓa, babu tsohuwa. Ya sauko da 'yar jakar leda, ya fi yadda yake a hoton ramewa. Ya nufo ni. Na ɗaga masa hannu ya tsaya. Na sayi ruwan leda a wurin wata mai talla, na ciji bakinsa.

"Wa ya riƙo jirgin?" na ce.

Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya dubi wani ɗan sanda da ke shan shayi a ƙarƙashin bishiya. Hannayensa suka koma bayansa da kansu.

Na zagaya na kamo su, na buɗe tafukan, na zuba ruwan a kai har ya ƙare. Na kwance ƙullin Hajja Kaltuma na sa masa ajwa ɗaya a baki. Guɗar ce ta ƙi fita da farko, don ban taɓa yin ta ni kaɗai ba. Da ta fita, duk tashar ta juyo tana kallonmu.